Silin Gashin da Hannuna Yake Ƙarawa

Litinin, 5 ga Agusta, 2024

Hikmatu ta faɗo mini shago yau da takarda naɗe a hammata. Autata, wadda ta gama karatun injiniya bara ta dawo gida tana cinye mana wake da shinkafa. Ta ture kayan aikina gefe ta shimfiɗa zane a kan teburi. Wai inji ne. Na duba sama, na duba ƙasa, na juya takardar. Na ce, ina fistin? Ta ce babu. Tun ina saurayi nake fiƙe ƙarfe a unguwar Aboabo, nan Tamale, ban taɓa ganin inji babu fistin ba, sai yau da 'yar cikina ta kawo mini.

Ga yadda yake. Gidan injin kamar kwanson gyaɗa mai 'ya'ya biyu. A ciki akwai wani ƙarfe mai kusurwa uku, ni na sa masa suna zuciya, shi ke juyawa yana bin bango, ba hawa ba sauka. Ta ce ba ita ta ƙirƙiro irinsa ba, amma wannan ƙaramin nata ne, don famfon ruwan lambu a rani, marar nauyi har mace ta ɗora a kai ta kai bakin dam.

Sai daga baya ta faɗi sauran. Wani kamfanin famfo a Tema, can kudu bakin teku, zai turo mutane ƙarshen watan gobe. In injin ya tashi ya zauna da kyau, za su ɗauke ta aiki can. Na ce masha Allah. Yayyenta duk suna kudu, sai dai waya. Ita kaɗai ta rage mana a gida.

Na ce zan yi. Me zan ce?

Laraba, 7 ga Agusta

Raina ya ɓaci kaɗan. Wai gidan injin a Kumasi za a yanka, da na'ura mai kwamfuta, don Tsohuwa ba za ta iya wannan lanƙwasar ba. Tsohuwa ita ce injina na fiƙe ƙarfe, ta girmi Hikmatu nesa ba kusa ba, kuma a gabanta aka faɗi maganar. Na shafa mata mai na ba ta haƙuri.

Mu an bar mana sanda, da zuciya, da wasu 'yan siraran ƙarafa uku da ke zama a kusurwoyin zuciyar suna shafar bango don kada iska ta tsere. Suna da sunan Turanci mai tsawo. Ni farata nake ce musu.

Asabar, 10 ga Agusta

Babu wuta tun safe. Na sha koko kofi biyu, na yi gardamar ƙwallo da maƙwabcina Andani, na dawo gida.

Alhamis, 15 ga Agusta

Yau na ji daɗi!

Sandar injin ba miƙaƙƙiya ba ce, tana da ƙusumbi a tsakiya, da gangan. Na samo tsohon aksil, ƙarfen tayar tifa, a wajen masu gwangwan, ƙarfe mai kyau, na ɗaure shi a karkace a bakin Tsohuwa. Ina kunnawa ta hau rawa, shago duka yana girgiza, kofin shayina ya yi tafiya da kansa har bakin teburi. Andani, mai walda da ke jikin shagona, ya leƙo da gilashinsa a goshi. «Masa Jibirilu, injin ka ya sha giyar pito ne?» Masa, haka ake kiran maigidan shago a nan. Na ce je ka ka ƙona ƙarfen mutane. Na ɗaura mata nauyi a ɗaya gefen ta natsu.

Zuwa la'asar sanda ta fito tana sheƙi. Hikmatu ta ɗauka da hannu biyu ta ce, «Baba, wannan ya yi kyau paa, sosai.» Na ce aikin kullum ne. Ƙarya nake, ban taɓa yin irinta ba. Rayuwata duka gyara nake, abin da ya mutu a kawo in yi masa ɗan'uwa. Wannan ne karo na farko da nake yin abin da babu shi a duniya sai a takarda.

Talata, 20 ga Agusta

Na ajiye aikin Hikmatu na yi wa mai injin niƙa na Moshi Zongo bushi, zoben da ƙarfe ke juyawa a cikinsa. Ya kawo tsohon ya cinye, ya ce in yi masa daidai irinsa. Daidai irinsa! In na yi daidai irinsa ai cinyayye zan ba shi. Ranar farko da na shiga koyo wajen marigayi Masa Buraima abin da ya fara sa mini a kunne ke nan: duk abin da aka kawo maka ya riga ya sha wuya, ka auna, sannan ka ƙara silin gashi ɗaya don abin da ya goge. Yanzu ko tunani ba na yi, hannuna ke ƙarawa da kansa. Shi ya sa kayana ba sa kaɗawa. A garin nan in abu ya yi sako-sako, sunanka ne ya lalace.

Mutumin ya tafi yana godiya. Ya bar mini garin masara a leda.

Asabar, 24 ga Agusta

Zuciya ta kammala. Tare muka yi da Hikmatu, ita tana karanto lamba ni ina juya hannu, in ta ce tsaya in tsaya. Ta ɗaure gyalenta ta baya, baƙin mai har a goshi. Na tuna tana ƙarama, takan zo ta tsince murɗaɗɗen ɓawon ƙarfe a ƙasa wai 'yan kunne ne, uwarta tana yi mini faɗa za ta yanke.

Mata masu sayar da doya sun tsaya kallo. Ɗaya ta ce, «Yarinya mace yana aikin fita, aikin ƙarfe?» Andani ya amsa mata tun kafin in buɗe baki: «Shi ne masa yanzu, tsohon yaron shago ne.» Har ni na yi dariya.

Da yamma Mulikatu, uwarta, ta ce mini, «Kana ta rawar jiki kana ƙera motar da za ta ɗauke maka 'ya.» Na ce ba mota ba ce, famfo ne. Tuwon bai shiga sosai ba.

Laraba, 28 ga Agusta

Hikmatu ta tafi Kumasi karɓo gidan injin. Na yi faratan nan uku ni kaɗai, rediyo na yi, Andani na surutu ta taga. Aiki mai laushi, sirara kamar reza. Sun fito tsaf. Na naɗe su a ƙyalle na sa a gwangwanin madara.

Litinin, 2 ga Satumba

Gidan ya iso. To, ba laifi. In gaskiya zan faɗa, cikinsa kamar madubi, na sa yatsa na zagaya ban ji ko tudu ba. Ban faɗa a gaban Tsohuwa ba.

Hikmatu ta wuni tana auna aikin Kumasi da ma'aunina mai dunƙule, nan ta auna, can ta auna, tana rubutawa. Da ta zo kan gwangwanin madara sai ta ajiye ma'aunin. Na lura, kuma na ji daɗi. 'Yar da aka yi wa tarbiyya ba ta sa ma'auni a kan aikin ubanta yana tsaye.

Da muka zo sa faratan a raminsu sun ɗan yi tauri. Ta ce, «Baba, kamar ya kama kaɗan?» Na ce sabo ne, zai saki. Na ɗan ƙwanƙwasa da ƙotar guduma suka shige. Ta dube ni, ta dubi zuciyar, ta ce to.

Alhamis, 5 ga Satumba

YA TASHI.

Andani ya haɗa masa ƙafafu da walda, muka fito da shi bakin titi. Hikmatu ta ja igiya sau biyu, shiru. Na uku ya yi tari, ya tofa hayaƙi, sai ya kama. Ƙararsa ba irin ta babur ba ce, wani zuuu ne kamar ƙaton ƙudan zuma. Masu keken yalo-yalo suka tsaya a tsakiyar hanya. Mai sayar da ƙosai ta yi guɗa. Andani ya cire hularsa yana rawa irin ta garinsu, ni kuwa ban san lokacin da na ɗaga hannu ina kabbara ba.

Kafin ruwan shayi ya tafasa sai ya fara sanyi-sanyi, ya mutu. Aka ja, aka ja, ya ƙi. Da ya huce ya sake tashi. Da ya yi zafi ya sake mutuwa.

Ba komai. Jariri ma ba ranar haihuwa yake tafiya ba. Yau dai kowa a layin nan ya san sunan 'yata.

Asabar, 7 ga Satumba

Mun canza filogi, mun canza kafireto, mun tace mai da ƙyalle. Haka dai. In ya yi zafi sai ya kwanta.

Andani ya ce injin ɗan Akara ne, ba ya son zafin Tamale.

Laraba, 11 ga Satumba

Hikmatu ta daina dariya. Kwanakin nan tana zaune da kwamfutarta a tsakar gida, tana bin lissafinta daga farko. Ta zargi lanƙwasar gidan, ta zargi ramin shigar iska, ta zargi kanta. Gwangwanin madara ko sau ɗaya bai shigo bakinta ba.

Yau ta ce, «Baba, lissafi na ne ba daidai ba. Zan kira mutanen Tema su bari kawai. Makarantar nan na Sakasaka suna neman ticha.»

Zan rubuta gaskiya tunda ba mai karantawa. Daɗi na ji. Sakasaka! Tafiyar ƙafa. Za ta riƙa biyowa ta shago da yamma, ta sha ruwa, ta yi wa Andani tsiya. Na ce mata koyarwa ma aikin lada ne. Na saya mana gasasshiyar zabuwa a hanya, ni kaɗai na ci da kirki.

Juma'a, 13 ga Satumba

Kafin masallaci wani mai motokin, keken kaya mai taya uku, ya kawo fil ɗin birki da ya cinye. Na auna, na ɗaure ƙarfe, ina fiƙewa. Na iso kan lambar, sai na ga hannuna ya tsaya kafin ya kai, ya bar silin gashinsa kamar kullum. Na tsaya ina kallon hannun kamar na wani.

Na sallami mutumin. Na kwance injin Hikmatu, na ciro faratan da filaya, don da yatsa ba sa fita. Na auna na duba zanenta. Dukansu uku, kowanne da silin gashinsa a kai. Ita ta bar musu wuri da gangan, don su yi ta shiga da fita a raminsu, in sun yi zafi sun kumbura su sami inda za su kumbura. Ni kuma na cike wurin. Zafi na zuwa sai su maƙale, su daina taɓa bango, iska ta tsere. Zuciya da sanda lafiyarsu lau, don tana tsaye tana cewa tsaya. Waɗannan ne kaɗai na yi ba ta nan.

Ai takarda ba ta cinyewa, Jibirilu. Me za ka ƙara mata?

Na mayar da komai yadda yake, na tafi masallaci. Ban ji huɗubar ba.

Asabar, 14 ga Satumba

Ban faɗa ba. Ta ce Litinin za ta kira Tema.

Lahadi, 15 ga Satumba

Da safe na same ta tana wanke-wanke, idonta a kumbure, tana ƙoƙarin yi wa uwarta raha. Na ga ba zan iya ba. In ta zauna a Sakasaka za ta zauna ne tana ganin kanta bai ja ba, ni kuma kullum ina kallonta na san ƙarya ne. Ba irin zaman da nake so ba ke nan.

Na ce ta sa takalmi mu je shago. Na zazzage faratan a tafin hannunta, na miƙa mata ma'auni. Na ce auna.

«Baba, aikin ka ne.»

Na ce na sani, auna.

Ta auna na farko. Ta auna na biyu. Ba ta ɗago ba. Na ce hannuna ne, ya saba da matattun kaya. Na kuma gaya mata tun Juma'a na gano, don in zan faɗa gara in faɗa duka. Ta ajiye ma'aunin a kan teburi. Can ta ce, «Tun Juma'a?» Na ce e. Ta ce, «Saboda Tema?» Na ce ki bar tambaya, ki kunna mini wuta.

Sai ta fashe da kuka da dariya a haɗe, ta ce ita ma tun ranar guduma zuciyarta ta ba ta, amma ta ya za ta ce a kwance aikin Baba? Ashe mu biyu muka taru muka kashe injin, ni da hannuna, ita da kunyarta. Andani ya zo ɗaukar wayarsa da ya manta ya tarar da mu haka. Ya ce, «Wa ya mutu?» Na ce ba kowa, sai girman kaina, kuma ba za a yi sadaka ba.

Laraba, 18 ga Satumba

Sababbin farata. Na kafa doka: duk abin da ya sauka daga Tsohuwa sai ya bi ta hannun Hikmatu. Da farko tana juya mini baya in za ta auna. Na ce juyo nan, a gabana. Na biyun ta dawo mini da shi, murya ƙasa-ƙasa, «Baba, saura kaɗan.» Wallahi hannun nan ya so ya sake yi! Na goge, ta karɓa.

Na sa su a raminsu na danna da yatsa, suna shiga suna dawowa. Jikina duka yana ce mini wannan sako-sako ne, mutuncinka zai zube. Na cusa hannu a aljihu.

Ya tashi a ja na farko. Muka jona famfo, muka sa tiyo a duro. Ya yi ta zuuu tun hantsi har aka kira azahar, mu muka kashe shi da kanmu. Andani ya wanke babur ɗinsa da ruwan, da na maƙwabta, har da wata akuya da ba ta nema ba.

Talata, 24 ga Satumba

Mutanen Tema sun zo, mace da namiji, cikin farar mota. Mulikatu ta sa na saka babbar riga, na yi ta zufa a cikinta kamar ango. Mun kai injin bakin dam, Hikmatu ta ɗauko shi da kanta daga mota. Ruwa ya yi ta tsiri har cikin kunyar alayyafo, masu lambu suka zagaye mu, wani tsoho yana tambaya a ina ake sayarwa.

Matar ta taɓa jikin injin da bayan hannu, ta duba agogo, ta yi rubutu. Ta tambayi wa ya yi ƙananan kayan. Hikmatu ta nuna ni. Na ce ni na yanka, ita ta auna.

Sun ce ta shirya.

Na yi murna. Da gaske na yi. Na raba goro a layi duka.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Mun raka ta tasha da safe. Injin a kwali, Mulikatu ta cusa masa yaji da dawadawa a gefe. Na ba ta ma'aunina mai dunƙule, na Masa Buraima ne tun asali. Ta ce a'a, can suna da na zamani masu nuna lamba. Na ce na sani, karɓi.

Hayaƙin bas ya shiga mini ido. Andani ya ce shi ma.

Laraba, 16 ga Oktoba

Shago lafiya. Aiki na nan. Ba wani kewa nake ba, mutum ya saba.

Na sayi sabon ma'auni a kasuwa, ba ya kama hannu kamar tsohon amma zai yi. Akwai ragowar aksil ɗin tifa a ƙarƙashin teburi, zanenta kuma yana nan a bango inda ta manna, to don kada Tsohuwa ta yi tsatsa na fara wata sandar mai ƙusumbi. Da 'yan farata uku. Ba don komai ba. Tsohon nan na bakin dam ya zo sau biyu yana tambaya.

Na gama faratan da la'asar. Na auna daidai, na san daidai ne. Amma na ɗauki hoton ma'aunin da kowane farce a bakinsa, ɗaya bayan ɗaya, na tura mata a waya, kawai don ta ga sabon ma'aunin.

Ta amso kafin in ajiye wayar: «Na tsakiya, Baba. Saura kaɗan.»

Yarinyar nan ba ta da kunya yanzu. Na koma na goge.